Humrar da Ba Ta Hau Jirgi Ba

Shekarun baya can, tun Hartum tana Hartum, jirgi na wucewa ba mai ɗaga kai ya duba ko na yaƙi ne, yayana da ke Kano ya bugo mini waya cewa an sa ranar auren babbar 'yarsa. Shi tun yana saurayi ya koma ƙasar kakanni, ya yi aure a can. Ni kuwa ina nan Gadarif, da damina da kaka ina dafa wa ma'aikatan gona abinci a Gadambaliya, in aiki ya ƙare in koma sana'ar turare da na gada wajen mahaifiyata. Bai ma gama magana ba matarsa ta karɓe wayar.

Ta ce, "Goggon yara, ban ce ki zo ba, na san lokacin yankan riɗi ne. Amma fa na riga na cika baki gaban dangin ango. Na ce musu amarya tana da goggo a Sudan, humrar da za ta shiga ɗaki da ita ba irin ta kasuwa ba ce. Kar ki ba ni kunya."

Na ce, "Matarmu, ke dai ki iya wanke kwalba. Sauran ki bar wa masu abin."

Wanda bai san humra ba gani yake turare ne kawai a kwalba. Wahala ce zalla. Sai an daka sandal, an gyara farcen turare an soya shi, an haɗa da kanumfari da miski da sauran abin da mai haɗi ta sani, a kwaɓa, a turara kwaɓin da hayaƙi har ya sha ya ƙoshi. Sannan a zuba masa turarukan ruwa, a rufe, a ajiye a inuwa ya yi ta kwana har ya nuna. Na tara matan unguwa muka yi daka, ana guɗa ana shan jabana, gahawarmu ta nan, kamar a gidana ake bikin. Da ta nuna na buɗe, ni kaina sai da na ce, "Kai, mahaifiyata ta yi 'ya."

Saura mazubi. Kwalba ba ta tafiya mai nisa, kuma an ce mini 'yan dakon filin jirgi jifa suke da kaya kamar suna faɗa da shi. To a gona akwai jarkokin nan da maganin feshi ke zuwa a ciki. Roba ce mai kauri, murfinta da zobe a ciki, ko ka kifa ta ba ta ɗiga. Duk wanda ya zauna a sansanin gona ya san su. In magani ya ƙare sai a wanke da toka da yashi da sabulu, a shanya a rana, a zuba ruwa ko man riɗi. Haka muka taso muka gani. Na roƙi wakilin gona ya ba ni biyu, na tsaya na zaɓi sababbi, masu takarda tana ƙyalli a jiki, don kaya ne na fita kunya. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa yana nan, na gani mana, ai ba makauniya ba ce ni. Amma a wajena hoton na abin da ya riga ya fita ne. Rubutun kuwa, a lokacin ban shiga ajin manya ba tukuna, da shi da sawun tururuwa duk ɗaya.

Na wanke su har hannuna ya yi fari. Na cika su maƙil har wuya, don a gidanmu kyautar da ke kaɗawa a cikin mazubi rowa ce. Na naɗe kowace da buhu na ɗinke da basilla. Na samu wadda za ta riƙe mini tukunya a gona, na ɗauki aminiyata, maƙwabciyata mai lalle, wadda ta taɓa zuwa Makka sau ɗaya, tun daga nan duk maganar jirgi ita ce malama. Muka hau bas sai Hartum, jarkokin suna kan rufi suna shan rana.

A wajen da ake karɓar kayan jirgin kaya, magatakarda ya tambaye ni me ke cikin buhu. Na ce kayan biki. Ya rubuta, aka ɗora a sikeli, aka tura cikin na'urar da ke haska kaya. Ina gyara laffayata zan juya, sai wata mata ta ɗaga hannu. Siririya ce, ba ta kai ni shekaru ba ko kusa, ta ɗora riga mai ruwan ɗorawa a kan kayanta, hannunta da safa. Ita ce mai duba kaya masu haɗari, amma a lokacin ni ban san ma akwai aiki irin wannan a duniya ba. Ta sa reza ta farke ɗinkin da na ɓata yini ina yi.

Buhu na zamewa ta ja da baya. Ta daka tsawa ɗaya, 'yan dakon da ke ta shewa suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Aka zagaye kayana da igiya. Wani ya fito da takunkumi a fuska, yana takawa a hankali kamar zai kama maciji.

Na taɓa aminiyata na ce, "Kin ga ƙarfin humra? Ko buɗewa ba a yi ba."

Ta ce, "Ƙawas, ni dai wannan gudun bai yi mini kama da na ƙamshi ba."

Matar ta zo ta tsaya gabana. Da Larabci muka yi, amma ga yadda ta kasance.

"Ya hajja, kayan nan naki ne?"

"Nawa ne, halak malak."

"Me ke ciki?"

"Humra."

"Jarkar ta ce guba."

Na ce, "Jarka ba ta magana, 'yar nan. Ni da na zuba nake gaya miki."

Ta ce, "A nan wajen jarka ake fara tambaya kafin mai ita."

Ta sa aka kai su gefe, wajen da iska ke shiga, ta murɗa murfin ɗaya a hankali. Sai ji muka yi fush, humra ta yi tsartuwa ta jiƙa mata safar hannu. Ƙamshi ya tashi ya cika siton nan kaf. Mai takunkumi ya ɗan ja shi ƙasa ya shaƙa. 'Yan dako suka fara dawowa da ɗai-ɗai, ɗaya yana cewa, "Wallahi amarya ce ta shigo." Na dubi matar na ga bakinta yana son ya yi murmushi tana hana shi. Na ce a raina, halas, an gama.

Ashe ko farawa ba a yi ba. Ta ce kayan nan ba za su hau jirgi ba. Mazubi mai wannan alama ba ya tafiya da sunan kayan biki, don in wani abu ya faru a sama, matuƙi da abin da aka rubuta masa yake aiki. Na ce to a ɓare takardar mana, ga farcena. Ta ce, "Masu ɓare takarda su ne dalilin da ya sa aka ɗauke ni aiki." Ta nuna mini safarta da ta jiƙe, ta ce wannan zafin rufin bas ne kawai ya sa ta tsartuwa, saboda na cika ta ban bar mata wurin numfashi ba. A sama kuwa mazubi kumbura yake yi.

Ni fa ba a ce mini a'a in tafi gida. Na kwance murya. Na gaya mata tun ba a haife ta ba nake haɗa turare. Na ce amare nawa suka shiga ɗaki da hannun nan, ba wadda ta dawo da ƙorafi. Na ce a kira mini babbansu. Ta bari sai da na gaji don kaina, sannan ta ce, "Babban ya tafi salla, kuma in ya dawo ni zai tambaya. Ki jira ni waje wajen mai shayi, yanzu zan fito hutu."

Muka fita can bayan ƙofa, ƙarƙashin darbejiya, inda wata dattijuwa ke dafa shayi a kan garwashi. Aminiyata ta matso ta rage murya. "Ke ba ki san jirgi ba. Tunda ta ce a haɗu a waje, ai kin gane. Ina 'yar kwalbar da kika ɗebar wa kanki?"

Akwai ta a jakata, 'yar ƙaramar kwalba da na cika tun kafin in juye sauran a jarka. Da matar ta zo ta zauna, na sa aka kawo mata shayi, na miƙa mata kwalbar a cikin tafin hannu, ina kallon wani waje. Ta karɓa. Ta buɗe, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Allah ya yi wa hannun da ya haɗa wannan albarka," in ji ta.

Na mintsini aminiyata a cinya.

Sai ta tsiyaya cikin murfin kwalbar, ta ce wa mai shayi ta ɗauke butarta, ta miƙa hannu ta watsa a kan garwashi. Wuta ta yi bal, shuɗiya, ta tashi sama da gwiwa. Mai shayi ta zabura ta tattare mayafinta tana salati, ta gama salati ta koma zagi, kuma ni ta zaga, ba mai watsawar ba. Aminiyata, malamar jirgi, sai ga ta a bayan bishiya.

Matar ta rufe kwalbar ta mayar mini a hannu. Ta ce, "Wannan murfi ɗaya ne, ya hajja. Ke jarka biyu kika kawo. Jirgin kaya ma da mutane a ciki, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma can sama ba ƙofar da za su bi su tsaya bayan bishiya."

Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Na san turarukan ruwa suna da sibirto, sinadarin nan mai kama wuta, na san ba a zuba su kusa da murhu, amma ban taɓa haɗa wannan da jirgi ba. Duk da haka ban sauka ba. Na ce to ta yaya turaren kanti ke zuwa daga ƙasashen waje, a kan jaki? Ta ce yana hawa jirgi, amma a ƙananan kwalabe, cikin kwali na musamman, da alamar wuta a jiki da takardun kamfani, kuma kafin in bi wannan hanya amarya ta yi wata a ɗakinta.

Ta kurɓi shayi ta ƙara da cewa, "Kuma ko da an yarda, in ni ce uwar yarinyar nan ba zan bari a shafa mata wannan ba. Toka da sabulu fuskar roba suke wankewa. Maganin ya shiga cikin jikinta. Ke da kike haɗi, mene ne aikin turaren ruwa in an zuba shi a kan sandal?"

Na ce, "Jawo abin da ke cikin itacen ya fito."

"To da ya kwana cikin jarkar nan, ce masa kika yi ya ƙyale roba?"

Na miƙe tsaye. Na ce a kawo jarkar yanzu in shafa a wuyana a gabansu, a ga in zan mutu. Aminiyata ce ta fito daga bayan bishiya ta jawo ni na zauna.

Ta ce, "Ke fatarki ta ga rana ta ga murhu, kunama ma sai ta yi shawara kafin ta harbe ki. Amarya fa? An yi mata dilka, an yi halawa, an turara ta. Fatarta kamar ta jinjiri take komawa, ni da nake sa musu lalle na sani. A wannan jikin za a zuba?"

Na hango yarinyar nan da ban taɓa riƙewa a hannu ba, ta wayi gari a gidan miji jiki duk ya yi rudu-rudu. Na hango dangin ango suna haɗa kai suna cewa ai goggonta ta Sudan ce ta aiko da abin, wa ya san me aka haɗa a ciki. Har abada ba za a ce jarka ba ce, cewa za a yi sammu. Sai ga hawaye, kuma na haushi ne, don ba wanda zan kama da faɗa.

Matar ba ta lallashe ni ba. Tambaya ta yi. Ta ce kafin a zuba ruwan, yaya abin yake? Na ce kwaɓi ne, in an bar shi ya bushe sai ya zama curi kamar dawo. Ta ce, "Busasshe ba ruwana da shi, in dai a sabon mazubi yake. Turarukan ruwan babu su a Kano?"

Na ce, "Akwai, har sun fi na nan yawa."

Ta ce, "To?" Ta ajiye kofi ta koma bakin aikinta.

Wannan "to" ɗin ta fi wutar ƙona ni. Don in curi ya isa Kano, wata ce za ta zuba ruwan, kuma sai na gaya mata wane da wane, da awon kowane. Awon nan na mahaifiyata ne. Ko masu taya ni daka, in an zo wajen zubi sai in ce su je su sha iska. Aminiyata ta gane abin da nake tunani, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Shekara da shekaru ina daka miki ban san awo ba. Yau ga ta Kano za ta samu a waya, tana kwance a kan katifa!"

Na ce, "Ki yi shiru ko in bar ki a Hartum."

Jarkokin ba a ba ni su ba, aka ce za a kai su inda ake kai gubar gaske. 'Yan dako sun fi ni makoki. Ɗaya ya biyo ni yana cewa, "Hajja, ko ɗan kaɗan a hula?" Matar ta harare shi daga nesa, ya koma ya ɗauki buhun da ba a ce ya ɗauka ba.

Muka sauka gidan wasu 'yan'uwa a unguwar Hausawa. Washegari na shiga kasuwar Umdurman na sake sayen komai daga farko, ina ciniki kamar mai ramuwar gayya. Labari ya zaga unguwa cewa ga wata daga Gadarif jirgi ya ƙi turarenta, sai ga mata da turmi da taɓarya, waɗanda ban taɓa gani ba. Suka yi ta daka suna tsokanata. Wata tsohuwa ta ce ita ma da irin jarkar take ajiye man girki, na ce ta je ta zubar, ta ce in fara saya mata wani. Muka turara kwaɓi, muka cura, muka shanya a inuwa. Na sayi sababbin bokitai a kanti, ko takardar farashi ban ɓare ba, don na koyi darasi a kan ɓare takarda.

Da na koma filin jirgi, matar ta buɗe bokiti, ta fasa curi ɗaya, ta danna a kan farar takarda ta ga bai jiƙa ta ba. Ta sa magatakarda ya rubuta sunan abin yadda yake, ba kayan biki ba. Ta buga hatimi. Ta ce, "Allah ya sa albarka a auren." Na ce amin, na ƙara da cewa har yanzu ina jin haushinta. Ta ce, "Malesh, sai haƙuri, ki shiga layi, kuna da yawa."

Ranar da kaya suka isa Kano, ni ina gona a gaban tukunya, na hau kan tudun da waya ke kamawa muka fara darasi da matar yayana. Na ce ta auna da finjali. Ta ce ba ta da finjali, sai kofin shayi. Na ce wane irin gida ne wannan yayana yake zaune a ciki? Ta ce irin wanda ake aiko masa da turare a jarkar guba. Ashe aminiyata ta riga ta kai mata labari. Na haɗiye. Na ce ta zuba har ruwan ya rufe curin da yatsa biyu.

Ta ce, "Yatsana ko naki? Don an ce naki kamar muciya."

Haka muka yi, rabi awo rabi faɗa, har aka gama. Na ce ta ajiye inda rana ba ta shiga, ta riƙa girgizawa safe da yamma. Na san ba za ta nuna kamar ta farko ba, lokaci ya ƙure. Amma bayan biki amarya ta kira ni da kanta, murya ƙasa-ƙasa don kunya, ta ce, "Goggo, mata sai tambayata suke a ina aka samo." Na ce fatarki fa, lafiya? Ta ce lafiya lau, me ya faru? Na ce ba komai, gaisuwa ce irin ta Sudan. Uwarta kuwa ta zagaye dangin ango tana cewa da hannunta ta haɗa. Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiya ta faɗa.

Yau in na tuna dariya nake yi, amma nakan yi tunanin matar nan. Na sha haɗuwa da masu cewa a'a, na ofis da na asibiti, su faɗa su juya maka ƙeya. Ita ta ce a'a, ba ta matsa ko taki ɗaya ba, kuma ta ba da hutunta ta zauna da ni a ƙarƙashin bishiya har na ga hanya. Tun da yaƙi ya kwaso mutanen Hartum ya zube mana a Gadarif nake duba fuskokin mata a kasuwa ko zan gan ta. Ban gan ta ba. Ina fata tana wani wajen tana hana wata mai taurin kai irina.

Matar yayana kuwa yanzu sana'a take da humra a Kano, har da masu saro. Awon ruwa ta riƙe shi daram. Amma curin ta gwada ta gwada bai fito ba, dole ni take jira in aika in an samu matafiyi. Kwanan baya ta kira, ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi gona, ta tambayi ciwon ƙafata, sannan ta ce, "Goggon yara, don Allah, bayan sandal da farce da kanumfari, akwai wani abu mai ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Mene ne?"

Na ce, "Matarmu, ɗaga murya. Layin nan ba kyau."